Kundi Shida Na Baba Tela

Ni da kogin nan ya kifar da ni sau uku ya kasa cinye ni, ba wanda zai ba ni labarin bakinsa. Ban taɓa zama a aji ba, amma yadda zan faɗi wannan magana ko fayil ɗin 'yan sanda bai kai shi tsabta ba.

Ranar wata Litinin da hantsi, 'yar Baba Tela ta shiga caji ofis na gindin gada ta ce an yi wa mahaifinta sata. Kofur ya tambayi abin da aka ɗauka, ta ce hotuna. Ya ajiye biro yana dariya. Sufeto, wanda ake yi wa laƙabi da Sannu-Sannu don ko gobara ba ta sa shi sauri, shi ya ɗauki hularsa ya bi ta.

Baba Tela ɗinki ne sana'arsa, hoto kuwa son zuciya ne kawai. Shekara ashirin da shida, kullum ƙarfe bakwai na safe, sai ya tsaya a matakala ta uku ta mashigar jirage ya ɗauki kogin: gada, jiragen fito, masu wanki, da dogayen benayen tsallake. Kowace shekara da kundinta. Yanzu ido ya fara gudunsa, kundin nan ne abin da ya rage masa. Tun da aka yi satar jiya da rana, lokacin da 'yar ta kai shi asibiti, bai sa komai a bakinsa ba.

Sufeto ya duba ƙofar shagon ɗinkin Baba, ba a fasa kwaɗo ba. Kyamarar ma tana rataye a ƙusa kusa da keken ɗinki. A kan kanta kundi ashirin ne a jere, da giɓi a tsakiya.

"Baba, ina ka rubuta shekarun?"

"Ban rubuta ba, ɗana. Ragowar yadi nake lulluɓa wa kowanne. Da yadin nake gane shekarar."

"Wa kuma ya san wannan lissafi?"

Tsohon ya ce sai wanda ya daɗe yana zama da shi. Sufeto ya lura cewa shidan da aka ɗauka a jere suke, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Daga nan ya nufi wurin Mai Sito, aminin Baba, wanda sitonsa na gishiri ke manne da mashigar. Kullum da yamma su biyu ke buga ludo a ƙofar shagon. Mai Sito ya kawo kujera, ya yi ta jajantawa. Ya ce shi hotuna ba su dame shi ba, ko buɗe kundin bai taɓa yi ba. Amma jiya wajen ƙarfe uku ya ga Guntu mai jirgin fito yana leƙen shagon.

Sufeto ya yi godiya, ya gangara bakin ruwa.

Guntu yana kwashe ruwa daga jirginsa da gwangwani. Da farko ya rantse jiya duk a tsallake ya wuni. Sufeto ya tsaya yana kallonsa har Guntu ya gaji da kansa. Ya ce to, ya je shagon, wandonsa ne ya yage a inda ba a faɗa, ya tarar an rufe ya dawo.

"Yallaɓai, me zan yi da hoton Baba? Ai ina da nawa."

Ya zaro wata leda daga ƙarƙashin mazaunin jirgi, cike da hotuna. Nan ya yi bayanin abin da duk mutanen bakin ruwa suka sani: Baba Tela biyu-biyu yake wanke hoto. Ɗaya ya sa a kundi, ɗaya ya ba duk wanda ya fito a ciki, ko da ƙeyarsa ce kawai ta fito.

Sufeto ya sa Guntu ya zagaya ya ce kowa ya kawo nasa. Kafin la'asar mai shayi, masu wanki da matuƙa jirage sun tara hotuna tuli a kan bencin mai shayi. Aka yi ta tsiya, ana nuna wa mai shayi lokacin da yake da gashi. Baba ya zo da sanda, yana kai kowane hoto dab da hancinsa yana faɗin shekararsa, Sufeto yana jerawa.

Da yake daga matakala ɗaya aka ɗauke su duka, komai yana wurinsa. Gada ba ta motsa ba, benaye sai ƙaruwa. Amma a gefen hagu akwai turakun ƙarfe huɗu da ake ɗaure jirage. A tsofaffin hotuna huɗun duk suna nan, bangon sito yana can nesa. Bayan shekara biyu saura uku. Daga baya saura ɗaya, bangon ya shanye sauran. Duk wannan tafiya ta bango a cikin shekaru shidan da aka sace ta faru.

Mai shayi ya nuna wata takarda da aka manna a jikin falwaya. Takardar ta ce ma'aikatan filaye za su zo ranar Alhamis su auna mashigar, kuma sun ce duk mai tsohuwar shaida ya kawo.

Sufeto ya koma sito tare da Kofur da Baba da 'yarsa. Ya bi buhunan gishiri sannu a hankali yana shafawa. Dukkansu ɗinkin inji ne, sai guda ɗaya a can ƙurya da aka ɗinke bakinsa da hannu, ɗinkin ma a karkace, ga kusurwoyi sun turo ta jikinsa.

"Wannan wane irin gishiri ne mai kusurwa huɗu?"

Mai Sito ya ce kayan wani ne aka ba shi ajiya. Sufeto ya tambayi sunan mai kayan, ya kasa kawo ko ɗaya. Baba ya shafa bakin buhun da yatsa.

"Shekara talatin kana zama gefen tela, ko rijiya-rijiya irin na 'yan koyo ba ka iya ba, balle ɗinkin kirki."

Kofur ya farke buhun, kundi shida suka zubo.

Mai Sito ya zauna a kan buhu. Ya ce ya san ana ajiye makullin shagon a bayan tukunyar fure, kuma ya san yadin kowace shekara don Baba ya sha nuna masa. Ya ce kowace damina taku biyu kawai yake ƙara wa bangon, yana ganin ba mai lura. Ya yi niyyar ƙona kundin kafin masu awo su zo, amma da ya buɗe ɗaya ya ga marigayiya matarsa tana saukowa daga jirgi, sai hannunsa ya mutu.

"Ka yafe mini, aboki."

Baba ya rungume kundin shida a ƙirjinsa, ya ce wa 'yarsa ta samo masa abin da zai ci.

Motar 'yan sanda tana can saman gada, dole a bi ta gefen bangon. Hanyar da a da amalanke biyu ke gilmawa yanzu ko mutum biyu ba ta ɗauka. Sufeto ya sa Mai Sito a gaba da ankwa a hannu. Haka Mai Sito ya bi ta a kaikaice, kafaɗarsa tana gogar bangonsa, ƙafarsa ɗaya a cikin taɓo, matuƙa jirage suna tsaye a ruwa suna kallo, har ya fita.