Lambar Da Ke Ƙarƙashin Madanni

Ranar da za a miƙa aikin gwaji, Auta ta buɗe tsohuwar kwamfutarta ta tarar da ita wayam... Wata huɗu ta yi tana koyon rubuta shafin intanet tsakanin wanki da guga a gidan kawunta, inda take zaune tun rasuwar iyayenta. Kamfanin talla kuwa mutum ɗaya zai ɗauka, wanda ya fi iya gina wa shagon takalma shafi. Ga shi ko layi ɗaya bai rage ba!

"Yaya, don Allah ko kin taɓa mini..."

"Ni?" in ji 'yar kawun, tana ɗaura agogo. "Yaushe mai wankin tukunya ta zama injiniya?" Matar kawu ta fizge kwamfutar, wai ita ke hana Auta aikin gida, ta kulle ta a ɗaki. Auta ta koma bakin famfo, hawaye na ɗiga cikin kumfa, tana faɗin, "Ya Allah, Kai ne shaidata."

Bayan kwana uku gida ya kaure da murna: an ɗauki Yaya aiki da shafin Auta da ta kwafe kafin ta goge, har an ɗora shi a intanet. Washegari da hantsi wayar Auta ta fara ƙara. "Salamu alaikum, baƙin takalmin nan mai igiya, akwai lamba arba'in?" Ba ta ajiye ba wata ta kira, sai wani, sai wata... Can sai muryar wata dattijuwa, shugabar kamfanin.

"'Yata, tun safe muke neman inda masu saye suka shige. Yaya aka yi lambar wayarki take ƙarƙashin madannin 'Saya yanzu'?"

"Ranki ya daɗe, ni na sa ta don gwaji. Tana layi na sittin da biyu a rubutun shafin."

Shugabar ta tuntsire da dariya. "Wadda ke gabana awa biyu tana lalube, har hotunan ta ɓatar! Ajiye komai ki taho."

A ofis Auta ta yi bismillah, ta gyara lambar, ta dawo da hotunan, Yaya na tsaye riƙe da jakarta, an riga an sallame ta. Sai Auta ta zaro takarda daga hijabinta, tana murmushi cikin hawaye.

"Ga kuma mutum goma sha bakwai da suka kira. Na rubuta girman ƙafar kowa."

"Alhamdulillahi!" in ji shugabar, ta rungume ta. "Zauna, 'yata. Kujerar nan taki ce."