Fankar da Ba Ta Juya Ba

"Ni ce na kashe ta..."

Auta ta faɗi haka a tsaye a bakin gareji. Bakanike, saurayinta, ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Wata uku ke nan rabonsa da ita, tun ranar da Babanta ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofar gida.

"Zauna tukuna, zuciyata. Wa kika kashe?"

"Mama!"

Ranar da numfashin Mama ya sarƙe, a tsohuwar motarsa Baba ya ɗauke ta zuwa asibiti. Suka shiga cunkoso, injin ya yi zafi, tururi ya turnuƙe bonet, motar ta mutu a tsakiyar titi. Kafin a samo wata a ƙarasa, rai ya yi halinsa. Sati guda kafin nan kuwa, Bakanike ne ya canja wa motar famfon ruwa. Mai shagon kayan mota, wanda ya daɗe yana neman Auta tana ƙinsa, shi ya zauna kusa da Baba yana raɗa masa cewa tsohon famfo yaron ya wanke ya mayar. Daga nan maganar aurensu ta wargaje.

"Ni na zuba wa motar ruwa da safiyar ranar," in ji Auta. "Mama ta kira ni ina cikin rufe murfin lagireto. Wallahi ban tuna ko na ɗaure shi ba. Ana ta zaginka a unguwa, ni kuwa na yi shiru..."

Hawaye ya ƙwace mata.

"Gobe mai shago zai zo ya ja motar, wai zai farfasa ta ya sayar da kayan. In ta tafi, har in mutu ba zan san gaskiya ba."

Bakanike ya sunkuyar da kai.

"Ni ma ban huta ba, Auta. Kullum sai na kwance famfon nan a raina, na sake ɗaurawa. Mu je a tambayi motar."

Baba yana zaune a inuwar rumfa, kusa da motar da ƙura ta lulluɓe, bai ko amsa sallamarsu ba.

"Me ya kawo ka gidana?"

"Baba, izini nake nema in duba ta sau ɗaya. In aikina ne, da bakina zan faɗa a gaban kowa, kuma ba za ka ƙara ganina ba."

"Tun da aka jawo ta ba wanda ya taɓa ta," Baba ya ce yana kallon wani waje. "Duba. Ba zai dawo min da matata ba."

Bakanike ya ɗaga bonet. Bai fara da famfonsa ba. Murfin lagireto ya fara kamawa, ya murɗa, murfin ya ƙi motsi. Sai da ya naɗe shi da tsumma ya sa ƙarfi sannan ya buɗe.

"Kin gani? Wanda ya ɗaure wannan kamar da faɗa ya ɗaure shi."

Auta ta dafa bango.

"Ka rantse ba don ka lallashe ni ba ne..."

"Ga tafin hannuna, duba yadda ya yi ja."

Baba ya juyo ya dube ta. Sai yanzu ya gane abin da ya hana 'yarsa cin abinci wata uku.

Bakanike ya cika lagireto da ruwa, ya durƙusa yana leƙen ƙasa. Ba ɗigo ko ɗaya. Ya mammatsa tiyo, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, bai ga alamar ruwa a ciki ba. Ya haɗa batirin da ya zo da shi, da ƙyar injin ya tashi.

"Ka ga ruwan yana zagayawa, Baba? Famfo na aiki."

"To me ya cinye ta?"

"Sai mun jira ta yi zafi."

Suka jira. Auta ta kafa wa allurar zafi ido, tana ganinta tana hawa a hankali, ta wuce tsakiya, ta nufi ja.

"Yanzu ya kamata fanka ta tashi," in ji Bakanike.

Fanka ba ta motsa ba.

Ya kashe injin. Ya bi wayar fankar da yatsa, sannu sannu, har bayan fitila, ya zura hannu ya jawo wani ƙunshin tsummoki da ɓawon gyaɗa. Bayansa wayar ta biyo, a gutsure gida biyu, ga sawun haƙora.

"Ɓera ne, Baba. Sheƙa ya yi a nan. In mota na gudu, iska na sanyaya ta, ba za ka gane komai ba. Sai ta tsaya a cunkoso take neman fanka."

Baba ya karɓi guntun wayar, ya yi ta juya ta a tafin hannunsa.

"Ɓera..." ya ce. "Shekara talatin da ɗaya muna tare da matata. Ɓera?"

Sai ya fashe da kuka.

"Na ga allurar nan ta hau ja. Na gani da idona! Matata tana bayana tana kiran sunana, na ƙi kashe injin. Na ce ko za a buɗe hanya. Da na tsaya tun farko na nemi wata motar..."

"Baba!" Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

Baba ya dubi Bakanike. "Da aka kawo min sunanka, sai na riƙe shi da hannu biyu. Ya fi min sauƙi a kan nawa."

Bakanike ya tsuguna a gabansa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ni da na san mota ciki da waje, da ni ne a kujerar nan, wadda nake so tana baya tana kirana, wallahi ni ma ba zan kashe ba."

Bai dubi Auta ba da ya faɗi haka, amma ta ji maganar har cikin ƙashinta.

Baba ya share fuska da hannun riga. Ya daɗe yana kallon kujerar baya.

"Gyaran babba ne?"

"Waya ce kawai. Kafin rana ta faɗi na haɗa."

"To haɗa. Auta, aika wa mai shago kada ya wahalar da kansa gobe. Ba motar, ba komai."

Ya miƙe da ƙyar, ya nufi ɗaki, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai kuma, ɗana... in ka gama, ka wanke hannu ka shigo. Akwai maganar da Mamanta ta so a gama."

Bakanike ya haɗa wayar, ya naɗe ta, Auta na riƙe masa bonet ko da yake sandar bonet ɗin lafiyarta ƙalau.

"Hannunki zai gaji, zuciyata."

"Bar shi ya gaji."

Ya tayar da injin. Allura ta hau, ta wuce tsakiya kaɗan. Auta ta kafa wa fankar ido.

Sai fanka ta juya.