Ɗanyen Kifi a Gaban Surukai

"Hajiya Sharifa, fito ki gaya mini laifin 'yata!"

Ko sallama ban ƙarasa ba na faɗa tsakar gidansu a Gashua. Motar farko na biyo daga Nguru, na baro Rahima a kwance, kwana uku ko koko ta ƙi sha.

Hajiyar ta fito tana gyara mayafi.

"Hamsatu, mun zo ganin yarinyar da ɗana zai aura, ta ajiye mana ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa! A gidan da kike bandar kifi shekara talatin! In ba raini ba mene ne? Mun fasa."

"Wa ya sa ta? Kira ɗanki!"

Mahfuz ɗin nan a ƙasar waje ya yi karatu. Kullum yana turo wa Rahima hoton abinci a waya, yau biriyanin Indiya, gobe kabsar Larabawa, ita kuma baiwar Allah tana ƙona hannu tana koya. Ranar zuwan su Hajiya gidanmu burabisko da danderun nama na ce a yi. Ya kira ta, ina zaune ina ji: "Ki yi wa Hajiya sushi na mutanen Japan, rabin raina, su san matata ta waye."

Da Hajiya ta kira shi, Mahfuz ya fito da waya a hannu, ya ƙi kallona.

Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai Ubangijina, na zube a gabansa.

"Mahfuz, don Allah... faɗi gaskiya. Kalma ɗaya! Yarinyar nan za ta mutu a kanka."

Ya kalli uwarsa. Ya kalli ƙasa.

"Gogo... ni fa wasa nake mata. Ban zaci za ta yi ba."

"Wasa? Wasa, ɗan nan?"

"Kin dai ji da kunnenki," in ji Hajiya.

Na tashi na kaɗe zanina. "Allah Ya isa tsakaninmu da kai!"

Da la'asar na iso gida. Rahima na jingine a bakin zaure, idanu sun kumbura.

"Inna... ya tambayi lafiyata?"

Duk hanya ƙarya nake shiryawa. Da na ga fuskarta, bakina ya ƙi.

"Bai tambaya ba, 'yata."

Ta sulale a jikina, na riƙe ta, muka yi ta kuka.