Gwangwanin Injiniya Kamaldeen

Tun da aka kafa Kumasi, Zongo ba ta haifi injiniya kamar Kamaldeen ba. Shi ne ya ɗauki gwangwanin tumatir, ya cusa masa wayoyi da makunni da ƙaramar fitila, har kibod ɗaya da maus ɗaya suka riƙa yi wa kwamfuta biyu aiki. In ka tura makunnin dama, rubutu ya tafi kwamfutar gaba, inda ake buga katunan biki. In ka tura hagu, ya tafi tasa ta ciki.

Ranar Juma'a bayan masallaci, gwangwanin ya ɓace daga shagonsa na unguwar Akwatialine.

Kafin Sufeto Dramani ya iso, Kamaldeen ya tara unguwa, ya kuma nuna ɓarauniya: Mamuna, mai buga masa rubutu.

"Massa, masu shagunan Sofoline ne suka saye ta," in ji shi. "Fasahata suke nema. A kulle ta!"

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a fasa kwado ba. Kwamfutocin na nan, firinta na nan. Ɓarawon ya wuce duk wannan dukiya ya ɗauki gwangwani.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da ita, sai surukina Alhaji Abukari, mai gidan. Amma shi ko wayar salula ba ya so."

Sufeto ya sunkuya kan kibod. Jan yawun goro ya bushe a wasu maɓallai.

"Malama, kina cin goro?"

"A'a, yallaɓai."

"Ina kike lokacin salla?"

"Na je sayen waakye, shinkafa da wake."

"Da kika dawo, me kika gani a kwamfutarki?"

"Ban kunna ba."

Ya taɓa bayan kwamfutar. Da zafi. Allon kawai aka kashe. Mamuna ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da nama a baki.

Sufeto ya leƙa kwamfutar ciki. A buɗe take kan shafin hira, da hoton wani saurayi sanye da rigar sanyi.

"Wane ne wannan?"

Kamaldeen ya rage murya. "Rahim, wan matata. Ɗan farin Alhaji. Ya sayar da motar uban ya bi hanyar Libiya. Alhaji ya sallama shi a gaban jam'i, ya ce ko gawarsa kada a kawo masa."

Aka jona kibod kai tsaye da kwamfutar gaba, aka kunna allo. Katin ɗaurin aure ne, da furanni da zobba. Ƙarƙashin sunan amarya kuwa, ga layi bayan layi, babu babban baƙi, babu aya: rahim ka dawo gida na yafe. Layin ƙarshe ya ce: kana ci kuwa.

Sufeto ya juya allon ya fuskanci bango.

"Kin gani tun ɗazu."

"Na gani," in ji Mamuna. "Tsoho ne, yallaɓai. Ina zan kai wannan magana?"

Sufeto ya tarar da Alhaji Abukari zaune a zaure, kwandon goro a gefensa.

"Baba, ina wuni. Ina kuka yi Juma'a?"

"A Tafo. Na je ta'aziyya."

"Wa ya rasu?"

Alhaji ya yi tunanin da ya fi ƙarfin tambayar. "Wani bawan Allah."

"Allah ya jiƙansa. Baba, akwai wani rubutu da na gani a shago. In karanto?"

"Kada ka karanta."

"To, a ba ni goro."

Tsohon bai motsa ba. Sufeto ya ɗaga ganyen da ke saman kwandon da kansa. Gwangwanin na kwance a ciki, wayoyinsa a naɗe da kyau.

"Na ga hoton wancan yaron a allo da safe," in ji Alhaji. Ko a nan bai kama sunan ba, ɗan fari ne. "Na jira kowa ya tafi. Na rubuta, bai fito ba. Na sake, bai fito ba. Sai wannan abin nga yana ƙyafta mini fitila duk sanda na danna. Na ce ashe shi ke haɗiye maganar, gobe ya amayar wa duniya."

"Baba, ba ya ajiye komai. Hanya ce kawai. Makunnin na ɗaya ɓangaren."

"To ina maganar ta tafi?"

"Katin auren mutane."

Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Shi bai samu ba ke nan."

"Bai samu ba."

Kamaldeen ya so janye ƙara, amma ya riga ya rantse a gaban unguwa cewa ko uwarsa ce sai ta je ofishin 'yan sanda, kuma unguwa na tsaye a waje tana jiran cika alkawari. Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya riƙe wa tsohon sanda, ya bi da shi ta ƙofar baya, inda ya tarar rabin unguwar ta riga ta zagayo.

Da yamma Injiniya ya yi wa jama'a bayani. Na'urar ba ta yi kuskure ba, ta kai rubutu daidai inda aka nuna mata. Laifin na wadda ta bar makunni a dama ne, kuma ya sallame ta.

Mamuna ta roƙi a bar ta ta gama katin, tunda gobe masu biki za su zo karɓa. Ta goge layukan ɗaya bayan ɗaya, ta gyara sunan amarya, ta ajiye makulli a kan tebur, ta fita neman trotro, motar haya.