Ƙofar Ɗakin Inji

"Ka ce ba kai ba ne, Yaya Babandi... ka ce wani ne."

Sailuba ta faɗi haka suna tsaye a bayan tashar jirgin ƙasa ta Lafiya, inda masu lemo suke tara buhuna. Jirgin Fatakwal bai daɗe da sauke shi ba. Ya rame har kakin sojan ruwa ya yi masa yawa, bayan hannunsa na dama duk tabon ƙuna.

A ɓoye ta zo tarbarsa, da sunan za ta kasuwa. Ta zaci za su yi kukan Nababa ne tare, yayanta, abokinsa tun firamare, wanda suka shiga sojan ruwa rana ɗaya aka kuma ba su aiki a ɗakin injin jirgi ɗaya. Sojojin da suka kawo labari gidansu a unguwar Akurba cewa kawai suka yi gobara ta tashi a teku, Nababa ya rasu, an yi masa sutura a can. Sai ga Babandi, wanda aka sa ranar aurensu bayan an haƙe doya, yana gaya mata sauran.

Bututun mai ne ya fashe a kan inji mai zafi. Ɗakin inji a can ƙasan jirgi yake, ƙarƙashin ruwa, ba taga, ƙofa ɗaya ta ƙarfe. Kowa ya fito, sai Nababa ya koma don ya tsayar da man da yake ta kwarara cikin wutar. Dokar aikin kuwa ita ce idan wuta ta fi ƙarfi a rufe ƙofar, a toshe iska, a saki iskar kashe gobara, ko da mutum a ciki. In ba haka ba jirgin ya tafi da mutum kusan ɗari. Babandi ne a bakin ƙofar. Ya yi ta kiran sunan Nababa har muryarsa ta dushe, ogansu ya ba da umarni, ya rufe.

"Ba wanda ya sani a garin nan, masoyina," ta ce, tana riƙe bakin mayafinta. "Inna ba ta san komai game da jirgi ba. In ta tambaye ka, ka ce kana sama. Ƙarya ɗaya ce... saboda ni."

"Luba..."

"Ba na son jin Luba! Na rasa yaya, kada ka sa in rasa miji."

Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ya saɓa jakarsa, ya ce ta riga shi zuwa gida.

Bayan la'asar ya yi sallama a gidan su Sailuba. Malam Ya'akubu, mahaifinta, ya shigo da shi har tsakar gida, don Babandi ba baƙo ba ne. Tun rasuwar, tsohon bai ƙara zuwa gonarsa ta Agyaragu ba. Yini yake yana duba fuskar matarsa da ta 'yarsa, yana tambayar ko sun ci abinci. Ya shimfiɗa wa Babandi tabarma, ya yi ta yi masa tambayoyin hanya da ba su da amfani, kamar mai tsoron abin da zai biyo baya.

Inna Sabuwa ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Da ta gan shi sai ta rungume kansa, ta ce warin man injin nan na jikinsa irin na Nababa ne, wanda sabulu ba ya fitarwa. Ta sa Sailuba ta kawo masa kunu. Ya yi gaisuwa, aka yi addu'a. Sailuba ta tsaya a bakin madafa.

Inna ta kama hannunsa mai tabo ta juya shi.

"A wutar ne ka samu wannan?"

"A wutar ne, Inna."

"To ashe kana kusa da shi. Kai ka fita, shi me ya hana shi fita?"

Babandi ya ɗago ya dubi Sailuba. Ta girgiza masa kai a hankali, hawaye na zubo mata. Ya mayar da idonsa kan tabarma.

"An rufe ƙofa ne, Inna, don kada wutar ta cinye jirgin. Ni na rufe."

Malam Ya'akubu ya yi salati a ƙasan maƙoshi. Inna ba ta saki hannun ba. Ta tambayi Babandi ko a lokacin ɗanta ya riga ya cika. Ya ce bai sani ba. Ta sake tambaya, ya ce ya ji an buga ƙarfen daga ciki, sannan ya daina ji.

Sai a lokacin ta ajiye hannun a kan tabarma, a hankali, kamar kayan aro.

Tsohon ya fara magana. Ya ce yaron nan aikinsa ya yi, ya ce iyaye da yawa suna da 'ya'ya yau saboda shi, ya ce da Nababa ne a bakin ƙofar shi ma haka zai yi. Inna ta bar shi ya gama.

"Na sani, Malam. Ban riƙe shi ba, na yafe masa duniya da lahira. Ban kuma hana aure ba, ku ɗaura. Amma ranar da aka kai ta gidansa, ni ba zan iya taka ƙafata can ba. In ta haihu ma, a kawo mini in gani a nan."

Ta tashi ta koma ɗaki. Malam Ya'akubu ya dubi 'yarsa, ita kaɗai ta rage musu, ya ce maganar tana hannunta, shi ba zai matsa mata ta kowane ɓangare ba.

Sailuba ta bi Babandi zuwa zaure.

"Me ya sa? Na roƙe ka..."

"Ta riƙe hannuna, Luba. Ba zan iya cin tuwonta shekara da shekaru tana sa mini albarka ba."

"Da ni ma ka ɓoye mini."

"Da na ɓoye, da ni kaɗai zan riƙa jin bugun nan kina kwance a gefena."

Ta tambaye shi ko zai bar aikin. Ya ce hutun mako guda aka ba shi, ana gyaran jirgin, kuma ɗakin injin ne dai zai koma. Daga cikin gida kukan Inna ya taso, kukan da ta riƙe tun ɗazu, da muryar tsohon yana kiran sunan Sailuba.

"Ina son ka, Yaya Babandi. Wallahi ina son ka," ta ce. "Amma ka turo manyanku su karɓi kayan auren da suka kawo."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka ce komai, in ka yi magana ba zan iya komawa ciki ba."

Ta goge fuskarta da mayafi, ta amsa wa mahaifinta, ta shiga wurin uwarta.