Ƙafar Zomo a Gindin Randa

Wasu 'yan abubuwa masu gashi ne suke leƙowa daga kwandon da ke ɗaure a bayan keken, suna reto kamar za su sauka da kansu. Zulaihatu ta taso daga firamaren Kudan inda take koyarwa, rungume da littattafanta, sai ta tsaya cak tana kallo.

Mai keken yana tsugune yana mayar da sarƙar da ta zame. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Ba ta cizo, Malama."

"Ɓera ne?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Shuka ce. Turawa suna ce mata ƙafar zomo."

Ta matsa. A cikin kwandon akwai kasko, a cikinsa ganye mai laushi kamar saƙar hula, ƙafafun nan kuma sun bi bakin kaskon sun zubo.

Sunansa Ja'afaru, malamin gona ne a Ikara. Matar Baturen gona ce ta bar masa shukar da za su koma ƙasarsu bayan an sami mulkin kai. Shi kuwa kullum yana kan hanya, yau Malikanchi, gobe Makarfi, ba mai ba ta ruwa, shi ya sa yake yawo da ita.

Tun daga ranar, sarƙar keken nan ba ta ƙara zamewa a ko'ina ba sai a ƙofar makarantar. Da abin ya yi nisa, ya je ya gaida mahaifinta, Malam Sada, manomin rake, aka ba shi izinin zuwa zance.

Wata ranar Juma'a ya ajiye kaskon a gabanta a zaure.

"Malamata, rana tana kashe min ita a hanya. Ki riƙe min."

"In ta mutu a hannuna fa, Mai Keke?"

"Ba za ta mutu ba. Inuwa take so, amma mai haske. Ki riƙa yayyafa mata ruwa, kar ki jiƙa ta jagab. In bakin ganyen ya bushe, iska ce ta yi mata zafi. In ya yi rawaya, ruwa ya yi yawa."

"To yaushe za ka karɓi abarka?"

"Ranar da zan zo in ɗauke ku tare."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ya ga dariyar.

A gindin randa ta ajiye ta, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Nan Gwaggo Hajo ta gan ta. Gwaggo ƙanwar Malam Sada ce, ita ta raini Zulaihatu tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ta sunkuya za ta ɗebi ruwa, sai moɗa ta faɗi daga hannunta.

"Innalillahi! Yaya, fito ka gani! Itace da ƙafar dabba? Asiri ne wallahi. Ashe shi ya sa yarinyar nan in an ce Ikara sai ta kasa haɗiyar tuwo."

Malam Sada ya daɗe yana kallon kaskon.

"Zulai, daga yau ba zance. Makarantar ma ki dakata, tunda a hanyarta aka tare ki. Abin nan kuma kar kowa ya taɓa, sai na yi tunani."

Duniyarta ta koma tsakar gida. Da safe tana jin ƙararrawar makaranta, tana jin 'yan ajinta suna wucewa ta bayan katanga. Ta yi shara, ta yi tankaɗe, ta sake share inda ta share. In ta doshi zaure, Gwaggo na zaune a bakinsa tana kaɗi.

Gwaggo kuwa tana da nata ɗan takarar, Jumare, mai sayar da mazarƙwaila, wanda gidansa bai fi a yi kira a ji ba. Ya fara aiko da kaya. Malam Sada bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Ni ba na son ganin ƙafafun nan," in ji Gwaggo wata safiya. "Duk ranar da Yaya ya yi nisa, murhu zan cusa su."

Zulaihatu ta tsorata. Da Gwaggo ta shiga wanka, ta ɗebo ƙasa mai taki ta rufe ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta danna da tafin hannu. Ba ta ga laifin haka ba. 'Yar manomi ce, ta tashi tana ganin in saiwar dawa ta fito fili sai a ja mata ƙasa. Ta ma ji haushin kanta da ta bar su a waje tun farko.

Ba a jima ba ganyen ya fara rawaya. Ta rage ruwa, bai daina ba. Ta matsar da kaskon kusa da haske, ta mayar da shi inuwa. Ganye sai zuba yake, ƙasar kuma ta fara wani wari kamar ruɓaɓɓen rogo.

"Asirin ne yake karyewa," Gwaggo ta ce, har da guɗa 'yar ƙarama.

Zulaihatu ta zauna a gindin randa ta yi kuka mara sauti. Amana ɗaya ya ba ta, ga ta tana narkewa a gabanta, ba ta da hanyar tambayarsa.

Maganar ba ta kwana a gida ba. A kasuwar Makarfi Jumare ya tare Ja'afaru.

"Malamin gona, sannu da ƙoƙari. Na ji Malamar ta binne kyautarka, da hannunta ma. Ka bar wahalar da kekenka."

A ranar ne kuma saƙon Malam Sada ya iske shi: ya zo ya ɗauki kayansa.

Ya iso bayan la'asar, fuska ba walwala. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Malam Sada ya sa aka kira Zulaihatu ta kawo kaskon, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Juye shi nan gabana," in ji Malam. "Ina so in ga abin da ka binne min a gida."

Ja'afaru ya kife kaskon a kan tabarma, ya warware ƙasar da yatsu. Gawayi ne, da ɓawon itace, da ruɓaɓɓen ganye, sai ƙafafun nan da suka yi baƙi suka yi laushi. Malam Sada ya tona da kansa, bai sami laya ba, bai sami ƙashi ba. Ya zaro wuƙar yankan rake ya datse ƙafa ɗaya. Ya murza, ya shinshina.

"Hajo, zomonki ba shi da jini. Wannan kamar citta ce."

Ja'afaru bai ɗago ba. "Baba, ni tambayata ɗaya ce, in an ba ni dama. An ce da gangan aka binne."

"Ni na rufe su," in ji Zulaihatu. "Na ji tsoron a ƙone su. Kuma na ɗauka saiwa ce ta fito, na ce bari in suturta ta."

Ya ɗago a hankali ya dube ta.

"Don ki tsare ta ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Kaico, laifina ne, Malama. Na faɗa miki komai na manta da wannan. Ba saiwa ba ce, jikinta ne. Da su take shan iska. In aka rufe su don a kare su, sai su ruɓe."

"Ko ni ne haka zan yi," in ji Malam Sada. "Wane manomi ne zai ga saiwa tsirara ya wuce?" Ya dubi 'yarsa, yadda ta rame, yadda hasken fuskarta ya dushe. Sannan ya ce, "A cikin ƙafafun akwai mai sauran rai?"

Akwai guda ɗaya, tauri gare ta, gashinta fari. Ja'afaru ya yanke ruɓaɓɓen gefen, ya zuba sabon gawayi da ɓawo, ya kwantar da ita a bisa, ya danne ta da lanƙwasasshen tsinke.

"Haka za a bar ta a fili?" Malam ya tambaya.

"Haka, Baba."

"To. Zulai, gobe ki koma makaranta. Kai kuma ka turo manyanka."

Bayan an sha ruwan farko na damina aka ɗaura aure. Da yamma mata suka raka amarya Ikara a motar katako, suka cika ɗakin da addu'a: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya mai albarka, ya kau da idon maƙiya. Kowa ta faɗi nata ta fita.

Gwaggo Hajo ce ta rage. A al'ada ita ce mai yin nasiha ta ƙarshe, ita za ta damƙa amana. Zulaihatu ta sunkuyar da kai tana jira.

Gwaggo ta matso ta gyara mata mayafi a kafaɗa, kamar yadda take yi mata tun tana 'yar ƙarama za ta makaranta. Ta kama hannunta ta riƙe, ta daɗe. A waje direba yana ta danna oda.

Ta saki hannun a hankali, ta ɗauki takalmanta, ta sakaya ƙofar.