Kunun Mama Matta

"Sauka ki sake hawa!"

Selina ta sauka daga kan sikelin. Ta tuɓe takalmi, ta cire ɗankwali, don takaici har 'yan kunnenta sai da ta zare, sannan ta sake hawa.

Allurar ta yi 'yar rawa, ta koma ta tsaya cak inda take tsayawa tun farkon damina.

"Yaya Judith, sikelin nan naku ya lalace..."

"Komai na asibitin nan ya lalace, har mu ma'aikatan. Amma wannan lafiyarsa ƙalau." Judith nas ce a ƙaramin asibitin Ikara, kuma ba ta iya tauna magana ba. Ta kama haɓar ƙanwarta ta juya ta wajen haske. "Dubi fuskarki. Wannan kumburi ne. Me kike ci a bayan idona?"

"Me zan ci? Loma uku ta tuwo in na yi, ta huɗu sai na amayar!"

Gaskiya ta faɗa, sai dai ba duka ba.

Bara warhaka Selina ba ta iya kwanciya rigingine, sai dai ta yi barci a zaune tana huci. Daga gida zuwa firamaren da take koyarwa sai ta huta a gindin kowace bishiya. Ƙiba da ciwon suga su suka tafi da mahaifiyarsu, kuma kowa ya ga ita ma hanyar ta kama. Ana haka wani likita ya zo asibitin mishan daga ƙasar waje, ya ɗinke mata tumbi, ya bar mata ɗan wuri da bai fi ƙwan kaza ba. A zamanin da soja ke cewa kowa ya tsuke bakin aljihu, jama'a na ramewa kyauta, ita sai da aka sa mata wuƙa! Ranar sallama likitan bai ɓoye mata ba, ya ce zuciyarta ta gaji, in nauyin bai ci gaba da sauka ba, to an yi aikin banza, kuma ba za ta kai shekarun mahaifiyarta ba.

Da farko nauyin ya yi ta zuba. Sai kuma ya ƙi.

Da yamma ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, duk ɓacin ranta sai da zuciyarta ta yi tsalle. Nehemiya ne, malamin gona daga Makarfi, da filas ɗinsa ɗaure a bayan babur kamar kullum.

"Seli na... hasken idona, wa ya taɓa min ke?"

"Sikeli."

"Rabu da shi, ƙarfe ne, ina ya san kyau?"

"Ba wasa nake ba, Nehemiya. Tsoro nake ji..."

"Ina raye? Haba sahibata! Ungo, Mama ta ce ki sha da ɗuminsa."

Wannan kunun shi ne abin da ta ɓoye wa Judith, don ta san hana ta za ta yi. Kuma ta yaya mace za ta mayar da abin da uwar mijinta na gobe ta dama da hannunta? Mama Matta fa da can ko gaisuwarta ba ta son amsawa. Cewa take, mace mai yankakken ciki ina za ta ajiye ɗa? Ita Rosaline take so wa ɗanta, 'yar ƙawarta, mai tsaron wani kemis a Makarfi. Kwatsam sai tsohuwa ta sauko, ta fara aiko da kunun gyaɗa kullum daga Nasarawan Doya. Ranar farko Selina har kuka ta yi don murna.

Ta zuba a kofi ta kurɓa. Tuwo na tsaya mata a ƙirji, amma kunu sulalewa yake ba gardama. Akwai maiƙo, akwai zaƙi, can ƙasa kuma wani ɗan ɗaci.

"Wannan ɗacin fa?"

"Saiwar ƙarin jini ce," in ji shi, yana gyara madubin babur.

Ta shanye. Shi ne fa mutumin da ya so ta tun samarin ƙungiyar mawaƙan majami'a na kiranta Tirela, yana goya ta a babur taya na nishi shi yana waƙa. In ya ce saiwa ce, saiwa ce.

Ita ma ta san wahalar da ya sha. Lokacin da ta fara zubewa, gari ya ɗauka. A shekarun nan rama suna ɗaya gare ta a bakin mutane, kanjamau. A bakin famfo aka ji Rosaline na cewa, "An ce an ƙara mata jini a can... to wa ya san jinin wa?" Shi ke nan. A majami'a mata suka riƙa matsawa in ta zauna, masu goyo suka daina miƙa mata jarirai. Amma da kumatu suka ciko, sai ga su sun dawo, suna lakatar fuskarta da hannuwansu masu warin daddawa.

"Amarya kin murje! Ashe dai lafiyarki ƙalau!"

Murmushin dole take yi. Abin da zai kashe ta suke taya ta murna a kai.

Ana nan mai ya yi ɓatan dabo, layin gidan mai ya kai bakin kasuwa, sojoji na tsare shi da bulala. Kwana biyu ba Nehemiya ba kunu. Selina ta ce to ai dama ce, bari ta je da ƙafarta ta yi wa Mama godiya. Ta samu wata bas da ta cika har ƙofa, ta sauka a Nasarawan Doya da hantsi, da 'yar ledar sabulu a hannu.

Ta yi sallama a tsakar gida, ba wanda ya ji, rago na ta ɓaɓatu a turke. Ragon bikinsu ne, ya yi ƙiba har ba ya iya tsayuwa sosai. Sai ta zagaya wajen murhu.

Mama Matta na zaune a kujera 'yar tsugune, tana murƙushe wasu fararen ƙwayoyi da bayan cokali. Rosaline na tsugune gefenta tana ɓallo wasu daga kwali. Ga man shanu a kwano, ga mazarƙwaila an narka.

"Rabi na rago, rabi na amarya," in ji Rosaline tana dariya. "Mama, ba na faɗa miki ba? Wannan ko sanda aka ba sai ta yi kumatu!"

Mama ta kwashi rabin garin ta watsa a kwanon dusa. Sauran ta kaɗe cikin kunu ta juya.

Wanda ke riƙe da filas, ya karkata bakinsa don kada ya zube, Nehemiya ne.

Ledar sabulun ta faɗi.

Su uku suka waiwayo. Selina ta buɗe baki za ta yi magana, sai amai ya riga maganar. Ta dafa bango ta yi ta kelaya shi, ba komai a cikin sai ruwa mai ɗaci, amma ji take kamar ta zaro hanjinta ta wanke. Duk kofin da ta sha tana sa albarka, duk godiyar da ta aiko! Ita da rago, cokali ɗaya.

"Seli na, tsaya ki ji..."

"Kada ka taɓa ni!"

"'Yata, ba da mugunta ba ne," in ji Mama Matta, ko kunya babu. "Gidan nan muna da mutunci. Kina so a ce ɗana ya auro mai ciwon zamani? Ki ɗan yi jiki a ɗaura aure, bakin mutane ya mutu."

Selina ta goge bakinta da gefen zani. Ko a lokacin sai da ta ɗan rusuna, don tarbiyya ba ta barin mutum.

"Mama, likita ya ce jikin nan shi zai kashe ni."

"Likita Allah ne?"

Ta juya ga Nehemiya. "Kai kana wurin ya faɗa. Kai ka riƙe min jaka."

"Na sani... na sani, sahibata. Zuwa biki ne kawai! Ba ki san abin da nake ji a ofis ba, ko kujerata ba mai zama. Na ce bayan aure sai mu daina, ki rame yadda kike so..."

"Saiwar ƙarin jini," ta ce a hankali. "Ka dubi idona ka ce saiwa."

Ya sunkuyar da kai, har yanzu filas na hannunsa. Wani irin ƙyanƙyami ya rufe ta, ba na kunun ba, na wannan kyakkyawar fuskar da ta sha mafarki. Rosaline kuwa ta miƙe tana karkaɗe siket, fuskarta fes. Ita ta kunna maganar ramar, ita ta kawo maganin ƙibar, ta ko'ina ita ke da riba.

"Ki zauna, Rosaline," in ji Selina. "Ai gidanku ne."

Da Judith ta ga kwalin ƙwayar da Selina ta tsinto a bakin murhun Mama, sai da ta zauna a ƙasa. Ta ce irin ƙwayar nan tana tara ruwa a jiki, tana tayar da suga, kuma ba a yanke ta rana ɗaya. Ta ja ta zuwa wurin likita a Zariya, aka yi ta rage mata a hankali har jikinta ya saki. An sha wuya. Akwai ranakun da ba abin da take so sai ta ji ƙarar babur, ta tsani kanta saboda haka.

Dattawan majami'a sun zo biko, Fasto ma ya zo. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ta yafe, amma a mayar wa su Nehemiya da kayan aurensu.

Ta koma cin abin da aka ce ta ci: ɗan wake, ƙwai, kifi in an samu, zogale, a tauna a hankali, ruwa sai bayan an jima. Kowace safiya ita da Judith su kama hanyar Janfalan a ƙafa, su juyo kafin rana ta yi zafi. Kafin a gama girbin dawa kumburin ya sace, nauyin da ya ƙi motsi ya kama sauka, zannuwanta suka fara zagaya ta har da rara. Matan majami'a suka koma matsawa a benci. Ta gode musu a ranta, ko ba komai ta samu wurin miƙe ƙafa.

Wata Asabar tana dawowa daga tafiyar ita kaɗai, ta tarar da Nehemiya zaune a dakalin ƙofar gidansu. Ya rame ya yi zuru-zuru. Zuciyar banza, sai da ta buga.

"Ina kwana, Selina."

"Lafiya lau. Ya Mama? Ya aiki?"

"Ban auri Rosaline ba... ba zan iya ba. Na yi wa Mama magana, na yi wa kowa. Seli na, ba na barci. Ki rame ki zama tsinke, ni dai ke nake so!"

"Mutane fa?"

"Su mutu!"

"An gwada jinina a Zariya. Ba ni da komai sai abin da kuka zuba min."

"Ko ba a gwada ba! Ni na taɓa yarda da wannan maganar?"

Hawaye ne a idonsa, na gaske. Ta ji wani abu na narkewa a ƙirjinta, ta tuna waƙarsa a kan babur, ta ji saura ƙiris ta ce to. Don ta samu abin yi da hannunta, ta shiga zaure ta ɗebo ruwa a randa. Ƙishin tafiya na damunta, ta kurɓa sau biyu, sannan ta miƙa masa moɗar yadda ta saba tun da.

Ya miƙo hannu. Ya dubi bakin moɗar, inda leɓenta ya jiƙa. A hankali, yana mata murmushi, ya juya ta zuwa ɗaya gefen.

Bai ma san ya yi ba.

Selina ta zare moɗar daga hannunsa kafin ta kai bakinsa. Ba ta ji zafi ba, tashin zuciya kawai ta ji, irin na wanda ya ga ƙuda a miyar da ya kusa shanyewa.

"Ashe ba bakin mutane kaɗai kake tsoro ba."

"Me na yi? Seli na, me na yi kuma?"

"Ba komai. Ka gaida Mama."

Ta watsar da ruwan a gindin bango, ta shiga gida ta sa sakata. Yana ta kiran sunanta daga waje, ita kuwa tana tsugune a bakin rariya da toka da soso, tana dirzar moɗar inda yatsunsa suka taɓa.